Shawar Inna da Kwamin Bayan Katanga

Ranar Alhamis bayan la'asar na kama hanyar Masanawa daga Gwarzo. A kujerar da ke gefena na ajiye sifana biyu, da filaya, da tsohon buroshin goge baki, da 'yar takardar bayani da ta zo cikin kwalin shawa. Tsakiyar bazara ce. Gonaki sun bushe ƙayau, ba kowa a hanya sai wani mai amalanke da na wuce daidai inda kwalta ta ƙare.

Badi'a, matar ƙanena Salisu, ita ta kira ni da safe.

"Yaya, Inna fa ta koma dafa ruwa a tukunya."

"Ina shawar?"

"Tana nan tana ɗiga kamar hancin mai mura. Kafin ta jiƙa bayan mutum sabulu ya bushe a jikinsa. Jiya na kama ta tana jan tukunya daga murhu da kanta. Na ɓoye tukunyar, tun jiyan ba ta kula ni."

Abin da nake tsoro ke nan. Shekara goma sha ɗaya Inna tana fama da ciwon suga, ƙafafunta sun daina ji. Bara ta tsoma ƙafar hagu a ruwan da bai huce ba, tana zaune tana hira, ba ta sani ba sai da fata ta saluɓe. Wata uku muna jinya, yatsa ɗaya ya tafi. Likita ya faɗa mini a gabanta cewa in ƙafar nan ta sake ƙonewa, yanke ta za a yi. Ga shi ko da bazara ba ta iya wanka da ruwan sanyi, sai ta kwana gaɓoɓi suna sara.

Shi ya sa na sa aka ɗora tankin sola a saman banɗakinta, rana ta riƙa dafa ruwa, aka haɗa mata irin shawar nan mai daidaita zafi da kanta. Sandar ƙarfe ce kwance a jikin bango. Bututun ruwan zafi ya shiga ta hagu, na sanyi ya shiga ta dama, ita kuma ta gauraya su a cikinta. A jikin mamurɗinta akwai lambobi. In an tsayar a talatin da takwas, ɗumin da jiki ke so ke nan, ba ta wucewa komai tafasar tanki. Ran nan kwananta tara da sawa.

Na tarar da Inna a tabarma ƙarƙashin rumfa, ƙafafu a miƙe cikin safa. Na durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau. An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya maigidan? Ya yaran? Ya 'yan makarantar taku?"

Sai da muka gama zagaye kowa sannan ta kai ido kan sifanar da ke hannuna.

"Ke kuma fa? Yau boko ya koma ƙira?"

"Shawa na zo dubawa."

"Ki bar abin nan. Wanda ya fito shi ne rabona."

"Rabon naki ne ya mayar da ke bakin murhu?"

Ta juya ta harari ƙofar kicin. "Badi'a, bakinki ya fi rediyo nisan zango."

"Inna, in kin ƙone ni za a tsare da ido," Badi'a ta ce daga ciki. "Gara ki yi fushi da ni da ƙafarki."

Salisu ya tafi Kabo bai dawo ba. Mu uku ne a gidan.

Na ɗaura zani a kan rigata na shiga banɗakin da bokiti. Ba na son gyara da ka, don haka na fara da awo. Na buɗe shawa har ƙarshe, na duba agogo. Minti shida kafin bokiti ya cika. Na kwance kan shawar, na goge 'yan hudojinsa da buroshi, na busa, na mayar. Minti biyar da rabi. Na bi tiyon da yatsa daga sama har ƙasa, babu inda ya lanƙwashe. Na fita na ƙwanƙwasa ƙafar tankin ruwan sanyi, Badi'a ta ce da azahar aka cika shi daga bohol.

Na rufe bawul ɗin zafi da na sanyi, duka biyun suna jikin bangon banɗakin ta waje. Na sa sifana na sauke sandar gaba ɗaya. A bakin kowace mashiga akwai 'yar rariyar ƙarfe kamar marfin kwalba. Ta hagu fes. Ta dama akwai ɗan yashi. Na wanke, na ɗaura, na sake awo. Minti biyar.

Ba yashi ba ne, ke nan.

Na sake sauke sandar, na gwada kowane bututu shi kaɗai a cikin bokiti. Na zafi ya feso da ƙarfi, tururi ya turnuƙe mini fuska, ƙarfen bokitin ma bai taɓuwa. Rana ta wuni tana dukan tankin nan. Na sanyi kuwa ya fito a kasalance, ko rabin bakin bututun bai cika ba. Na zauna a dokin ƙofa na karanta takardar. Ta ce in ruwan sanyi ya yi rauni, shawar da kanta take rage na zafi don kada ta ƙona mai wanka. Ashe ba ta lalace ba. Aikinta take yi.

Saura in gano inda ruwan sanyi yake tafiya.

Na bi bututun daga gindin tanki, taki ɗaya ɗaya. Ya bi ta gefen kicin, ya ba famfon tsakar gida, ya wuce bayan banɗaki. A nan, ƙasa ƙasa, bayan wasu tsofaffin kwanukan rufi da aka jingina, na ga an yi masa reshe. Wani siririn bututu ya fita daga jikinsa ya huda katanga. Ban sa a yi wannan ba. Na ɗora kunne a kansa. Ruwa na gudu a ciki.

Na zare sakatar ƙofar baya na fita.

Tsohon garken Baba ne a wajen. Turakun suna nan a kafe, gara ta cinye kawunansu. Shekara shida ke nan da ɓarayi suka kora shanun gaba ɗaya, Baba bai kai shekara ba a bayansu. Tun daga lokacin ko akuya ba a ɗaure a wurin. Kwamin da ake shayar da su yana nan jikin katanga, dogon kututturen maɗaci da aka fafe, mutum biyu za su kwanta a cikinsa. Bakin siririn bututun yana kansa, babu famfo, babu marfi, yana zuba.

Kwana tara yana zuba dare da rana. Ruwan kwamin bai wuce rabi ba.

Na tsugunna na shafa ƙasansa daga wannan kai zuwa wancan, ina neman tsaga. A bushe yake. Ƙasar da ke kewaye ma a bushe take, babu laima, babu ciyawa ko ɗaya. Wurin yana warin garke kamar jiya aka tashi da shanu.

Na dawo na zauna a bakin tabarmar Inna.

"Inna, wa ya sa a ja ruwa zuwa kwami?"

"Ni na sa Badamasi." Mai aikin famfon da ya haɗa mana shawar ke nan.

"Don wa? Me ke sha a can?"

"Rage murya."

Ta dubi rana, ta dubi katanga. Da ta ci gaba, sai da na matsa kusa na ji ta.

"Kakanki ya tarar da su, mutanen ɓoye, a wurin nan da nasu garken. Suka bar shi ya kafa turke, a kan in ya shayar da nasa zai bar musu kwami cike kafin magariba. Ya yi har ya mutu. Babanki ya yi har ya mutu. Ni na yi da guga har ƙafa ta hana ni. Badi'a kuma tsoro take ji."

"Ni dai bayan la'asar ko yanka ni za a yi ba na leƙa can," Badi'a ta ce. Ta fito tana goge hannu, amma ba ta yi dariya ba.

"Inna, shi ne fa yake janye ruwan shawarki."

"To ya janye."

"Ko famfo in sa masa, a buɗe a rufe."

"Ke. Ki taɓa duk abin da kike so a gidan nan, ki bar wannan. Ce kin ji."

"Na ji."

Ban yi musu ba. A raina na ce wataƙila dabbobin maƙwabta ke zagayowa, ko zafin rana ke shanyewa. Ko ma mene ne, na yi alkawari. Zan bar reshen yadda yake, in nemi ƙarfin ruwa ta wata hanya.

Na kira Malam Badamasi. Yana Mainika wajen wani aiki, ana ta bugun ƙarfe a bayansa. Muka gaisa, na zayyana masa duk abin da na gwada.

"Hajiya, wallahi ni ma na gaya wa tsohuwa zai rage ƙarfi. Ta ce ko in ja mata, ko in kwashe kayana."

"To yanzu ya za a yi ba tare da an rufe shi ba?"

"Kin ga bayan 'yar rariyar nan? Akwai wata farar roba a ciki, kowane gefe ɗaya. Bawul ne, ruwa ya shiga kada ya komo. Su can ƙasar da aka ƙera ta ruwansu da ƙarfi yake zuwa. Namu na tanki ba ya iya tura su sosai. Zaro su da filaya, za ki ga bambanci."

"Takarda ta ce kada a cire su."

"Hajiya, takarda ba ta taɓa zuwa Masanawa ba."

Na yi dariya. Na so in tambaye shi abin da zai faru in ruwa ya komo, sai wani ya ƙwala masa kira, ya ce zai neme ni anjima.

Na zaro su. 'Yan ƙanana ne, duka biyun sun zauna a tafin hannuna. Na ɗaura sandar, na buɗe bawul ɗin waje, na murɗa. Ruwa ya feso har ya jiƙa mini zani. Minti biyu da 'yan daƙiƙu bokiti ya cika. Na tsoma ma'aunin zafi da na zo da shi. Talatin da takwas. Na zubar, na sake. Na sake na uku. Talatin da takwas.

Na rufe shawa na fito ina jin daɗin kaina.

"Inna, ta gyaru."

"An dai ji."

"Kwana biyu ba ki yi wanka ba."

Ta dubi rana. Ta yi ja, amma da sauran tazara kafin ta faɗi. "In dai zan yi, to in yi maza kafin a kira salla. Ba na kai magariba a banɗaki."

Sai da aka nemo mata sabulun da take so. Sai da aka sake zani, wancan wai ya yi kauri. Sai da Badi'a ta wanke kujerar roba. Kusan minti ashirin suka tafi a haka, ni kuwa ina tattara kayan aikina. Badi'a ta riƙe ta har ciki, ta zaunar da ita, ta cire mata safa, ta fito ta jawo ƙofa. Inna ba ta yarda a tsaya mata a wanka.

Na je famfon tsakar gida zan wanke hannu. Na murɗa.

Na fizge hannuna.

Famfon ruwan sanyi ne. Tururi yake fitarwa.

Na tsaya ina kallonsa, lissafin ya haɗu a kaina gaba ɗaya. Tankin sola ya fi na sanyi tsawo. Ruwansa ya fi ƙarfi. Robobin da ke hana shi komowa suna cikin jakata. Tun da na rufe shawar yake ratsa sandar, yana bin bututun sanyi da baya, yana neman inda yake a buɗe.

Wuri ɗaya ne a buɗe.

Kukan ya taso daga bayan katanga.

Kukan maraƙi ne da farko. Siriri, mai tsawo. Da ya kai ƙarshe sai ya karye ya koma wani abu da ya fi kama da na yaro.

Sai takun kofatai. Da yawa. Suna ja da baya, suna karo da juna, ƙasa tana amsawa a tafin ƙafata. Kwamin ya yi ƙara kamar an bangaje shi.

Sai shiru.

Kajin da ke shirin hawa akurki sun ƙame inda suke. Iska ta kawo wari, irin na gashin da aka zuba wa tafasasshen ruwa za a fige.

Na ruga jikin bangon banɗaki, na kama bawul ɗin zafi da hannu biyu na murɗe shi har ya ƙi motsi.

"Inna! Kada ki buɗe shawar!"

Na kasa kunne. Ruwa na zuba a ciki.

"Mansura."

Daga bayan ƙofar baya muryar ta fito. Muryar Inna ce, har 'yar shaƙewar da take yi da yamma.

"Mansura, zo ki ɗaga ni. Na faɗi."

Na juya. Na ce a raina ta ji kukan ne ta lallaɓa ta fita. Taki ɗaya. Biyu. Uku. Hannuna ya kai kan sakata. Ta tsagar ƙofar ina jin huci, mai ɗumi, daidai tsawon fuskata.

"Buɗe, Mansura."

Yatsuna suka tsaya.

Ni ce 'yar farin Inna. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shekara arba'in da huɗu tana ce mini "ke". Ko ranar da na kusa mutuwa wajen haihuwa, tana riƙe da kaina, "ke" ta ce.

Na janye hannuna a hankali.

Badi'a tana bakin kicin, ta toshe baki da mayafi. Da raɗa ta ce, "Yaya, tana ciki. Da hannuna na zaunar da ita."

Tururi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar banɗaki.

Ƙofar nan ba ta da sakata. Ni na sa aka cire, saboda rana irin wannan. Na tura. Ba ta motsa ba. Na sa kafaɗa. Kamar an jingina buhunan hatsi a bayanta.

A ciki Inna tana magana ƙasa ƙasa. Ba da mu take ba.

"Taɓarya, Badi'a!"

Muka riƙe tare. Bugu ɗaya. Biyu. A na huɗu katakon ya tsage, ƙofar ta faɗa ciki.

Tururi ya buge ni. Ba warin sabulu. Warin ɗanyen kashin shanu, da tsamin nono, da figaggen gashi.

Inna tana kan kujera, ɗaure da zani, hannuwa a cinya. Fuskarta a natse. Ba ta jin komai.

Kan shawar ba ya kan maratayinsa. Yana ƙasa, daidai ƙafafunta, tiyon ya miƙe tsam.

Hannu ne ke riƙe da shi.

Dogo, siriri, da awarwaron tagulla har gwiwar hannu. Na bi shi da ido zuwa sama. Mai shi ta sunkuyar da kai saboda rufi. Tururi ya rufe fuskar, na gode wa Allah da hakan har yau. A ɗaya hannun ta rungume wani abu a ƙirji. Jiƙaƙƙe. Fatar bakinsa tana reto. Yana numfashi da ƙyar, kowane ja da ƙara.

"Ba ta sani ba," Inna ta ce a hankali. "Yarinya ce."

Amsar ta fito daga can sama, ba da muryar Inna ba yanzu.

"Nawa ma na fari ne."

Na dubi ƙafar hagu. Ta yi fari.

Na faɗa ƙasa na rufe ƙafafun da ƙirjina da hannuwana biyu.

Ban san akwai zafi irin wannan ba. Na ji ihu, daga baya na gane nawa ne. Na miƙa hannu na murɗa shawar. Mamurɗin ya juya, ya juya, kamar ba a haɗe yake da komai ba.

"Ja ta! Badi'a, ja kujerar!"

Ƙafafun kujera suka yi ƙara a kan tayil. Inna ta fara nisa da ni. Na yunƙura zan bi ta.

Aka kama wuyan hannuwana, duka biyun, da hannu ɗaya.

Sanyi ne da shi kamar randar asuba.

Aka mayar da su ƙarƙashin ruwan. Aka riƙe.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Na kai tsakiya na manta. Na koma farko. Na sake mantawa.

Numfashin nan yana daidai kunnena. Ja. Shiru. Ja.

Shiru.

Na jira na gaba. Bai zo ba.

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya. Kan shawar ya faɗi a tayil. Wani sauti ya fito daga sama, ƙasa ƙasa, irin wanda saniya ke yi in an ɗauke mata ɗa. Ya ratsa bango ya fita. A waje kofatai suka motsa, a hankali, suna nisa ta yamma, har na daina jin su.

Da rarrafe na fito, da gwiwoyi da haɓa. Ana kiran salla a masallacin gari.

Salisu ya dawo ya tarar da mu a tsakar gida, Badi'a tana kwara mana ruwan randa tana kuka. Shi ya tuƙa motata zuwa asibiti a Gwarzo. Ƙafar dama, wadda ƙirjina ya rufe, ta tsira. Ta hagu kwana shida likitoci suna fama da ita. Ranar na bakwai suka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Malam Badamasi ya zo duba mu, ya tsugunna a bakin gado ya kasa ɗaga kai. Ya ce laifinsa ne. Na ce ni na riƙe filaya. Ya yi wa Salisu bayanin yadda ruwan zafi ya cika bututun sanyi, yadda shawar ta ji zafi ta buɗe gefen sanyi gaba ɗaya, alhali abin da ke cikinsa tafasasshe ne. Bayani ne mai kyau, ni ma shi na ba likita. Da Salisu ya fita sai ya matso.

"Hajiya, kin ce kin rufe bawul ɗin zafi kafin ki shiga?"

"Na rufe."

"A rufe na same shi. Sai da na sa sifana. Abin da ya rage a bututu bayan kin rufe ba zai cika rabin bokiti ba." Ya rage murya. "Na hau sama. Tankin solar babu ko ɗigo."

Ya mayar da robobin. Shawar tana nan a Masanawa, tana ɗiga yadda take, ba mai shiga. Badi'a ta ce tun daga ranar kwamin yake cika ya tumbatsa, ruwan ya yi kore, ƙasar wurin ta zama taɓo. Ba abin da ke sha. Na gaya wa Inna, na tambaye ta ko a rufe reshen yanzu. Ta ce a bar shi.

Da aka sallame mu na kawo ta gidana. Hannuwana sun warke, fatar ta yi sheƙi kamar leda. Ina riƙe alli, ina ɗaura zani, ina jin tsinin allura in ta soke ni. Zafi da sanyi ne kawai ba na ji, daga yatsu har gwiwar hannu. Likita ya ce jijiyoyi ne, wataƙila su dawo. Shekara biyu ke nan.

Ni nake yi mata wanka yanzu, ta daina hanawa. Satin farko na dafa ruwa, na sirka, na tsoma ma'auni. Talatin da takwas. Na tsaya da kofi a hannu ina kallon lambar, ina kallon ƙafa ɗayan da ta rage. Na tsoma hannuna a bokitin. Ba komai. Na cire, na sake duba ma'aunin.

"Ke, me kike jira?"

"Ya ɗan ƙara hucewa."

Muka zauna, ita a kujera, ni a ƙasa, har ma'aunin ya sauka daidai da ruwan randa. Sannan na zuba mata.

Haka muke yi kullum. Tana karkarwa, haƙoranta suna haɗuwa, na san kuma yadda gaɓoɓinta za su kwana. Ba ta taɓa cewa in ƙara na zafi ba.